Cikin Gwaggo da Aka Ce Ya Kwanta

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da na raka gwaggona asibiti a Kalgo. Ƙanwar mahaifina ce, tana aure a Gwandu, kuma ita ta riƙe ni tun daga yaye har aka kai ni ɗakin miji. Ta daɗe da aure ba ta taɓa ko ɓari ba. Don haka da cikinta ya fara tasowa, murna a gidanmu ba a magana.

Watannin haihuwa suka cika suka wuce, shiru. Tsofaffin unguwa suka taru suka lallatsa, suka yanke hukunci cewa cikin kwanciya ya yi, sai ranar da Allah ya tashe shi. Babu wanda ya yi musu, domin kowa ya taso yana jin labarin wance da cikinta ya yi shekaru a kwance kafin ta haihu. Jinin da take zubarwa duk wata, wanda kullum ƙaruwa yake, aka ce shi ke hana ɗan girma. Aka shiga nemo saiwoyi da sassaƙe, har daga Dalijan wata tsohuwa ta aiko da nata.

Mijinta, bawan Allah mai haƙuri, ya sayi ragon suna ya ɗaure. Layya ta zo ɗa bai zo ba, aka yanka ragon, ya sayi wani. Mu yara muka riƙa tsokanarsa cewa ɗan nan tun bai iso ba ya fi kowa ciyar da gida. Sai ya yi dariya, ita ma ta yi. Yanzu in na tuna wannan dariyar raina ɓaci yake yi, domin a lokacin tafin hannun Gwaggo ya riga ya yi fari fat, ko tuƙin tuwo sai ta zauna ta huta.

Bayan aurena a Kalgo na sami ciki, na fara zuwa awo, aka nuna mini ɗana yana motsi a hoto. Da na zo ganin gida na tarar da Gwaggo ta faɗi a bakin murhu, jiri ya kwashe ta. Ni kuwa da ma an san ni da naci, na sa ta gaba sai mun je asibiti.

"Mi za ni yi asibiti, ɗiyata? Kwance shi ke, lokacinai na bai yi ba."

Na ce, "Gwaggo, ba ki son ki gane shi da idonki? Ni na ga nawa."

Wannan maganar ce ta ciwo kanta. Da safe ta ɗaura sabon zane, muka hau mota.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta shafa mai a cikin, ta daɗe tana yawo da na'urar ɗaukar hoto a kansa tana kallon allo. Daga baya ta ja kujera kusa da gadon, ta riƙe hannun Gwaggo.

"Inna, babu ɗa a nan. Ƙari ne ya fito a mahaifa, shi ke shanye miki jini. Ciki ba ya kwanciya ya yi shekaru."

Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta gyara zanenta, ta dubi cikin nata, sannan ta ce a hankali, "To, ni da wa ni ke hira duk shekarun ga?"

Ni ce na kasa daurewa, na fita waje na yi kukana.

Aka tura mu Birnin Kebbi, aka yi mata ƙarin jini, aka yi aiki. Ta rayu, alhamdulillahi, amma ƙarin ya riga ya cinye wuri, dole aka cire mahaifar gaba ɗaya. Na tambayi likitan da ya yi aikin ko da wata hanya. Ya ce da tun farko aka zo, mai yiwuwa ƙarin kawai za a cire, ta ci gaba da neman haihuwarta.

Babu wanda ya nufi Gwaggo da sharri a cikin masu jiƙa mata sassaƙe. Duk masoyanta ne, abin da suka gada suka faɗa. Abin da na koya shi ne, a al'amarin ciki da haihuwa ƙauna kaɗai ba ta isa ba, kuma kunyar tambaya ba tarbiyya ba ce. Mu da muka fi kowa son Gwaggo ta haihu, mu muka zauna muna taya ta jira har damar ta wuce.