Sandar Tashin Masu Gyangyaɗi

Ranaku da yawa sun wuce ni ban riƙe komai nasu ba, amma Asabar ɗin da na zagaya da babana wajen masu aikin hannu na Sabon Gari da Samaru, wannan kam sai dai a binne ni da ita. Lokacin ina aji biyu a jami'a, ina karatun zane, kuma Baba ya riga ya yanke hukunci: zango na ƙarewa zan ajiye burushi in koma karatun koyarwa irin nasa. A wurinsa zane wasan yara ne, abin da ake ba 'yan firamare su yi in malami ya gaji.

Baba tsohon hedimasta ne, kuma dattijo a cocinmu na Dogarawa. Shi ne mai sanda. Da zarar fasto ya fara wa'azi, sai ya miƙe da doguwar gorarsa ya bi layi-layi, duk wanda ya ga kansa ya fara rinjaya sai ya taɓa shi a kafaɗa. Ba ya duka, amma kunyar ta fi dukan ciwo. Ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, har matar fasto ta taɓa ɗanɗanawa.

Sai dai akwai abin da ikilisiya ba ta sani ba, mu mawaƙa muka sani, don mu ne ke zaune muna fuskantar jama'a. In Baba ya gama zagayensa, bencin ƙarshe yake komawa, bayan kowa, kusa da ƙofa inda iska ke kaɗawa. Sai ya dafa sanda da hannu biyu, ya ɗora haɓa a kai, shi ke nan an tafi. Idon fasto ba ya kaiwa can, mu kuwa wa zai yi gangancin faɗa? Ni dai bakina bai faɗa ba. Amma da malaminmu ya ce kowa ya zano mutumin da ya sani ciki da waje, sai hannuna ya yi ta kansa. Na zana Baba da fenti, ƙato, hula ta zame gefe, baki a ɗan buɗe. Na ji daɗin aikin nan ba kaɗan ba. Malam ya duba ya ba da maki, ni kuma na tura hoton bayan kabad a ɗakin zanenmu na jami'a, fuskarsa ga bango.

Da hukunci ya matso, na roƙi Baba alfarma ɗaya: ya ba ni yini guda in nuna masa mutanen da ke riƙe gida da aikin hannu, mu ƙare da nawa aikin. Na tanadi hotuna masu ladabi, tulu, da kwandon mangwaro, da faɗuwar rana. Ya ce to, ba don ya yarda ba, don dai kada a ce bai saurara ba.

Kuskurena na farko shi ne bi ta layin 'yan atamfa a kasuwar Sabon Gari. A nan shagon Goggo yake, 'yar kawun Baba, wato taubashiyarsa. Tsakaninsu babu kunya sai tsokana, kuma duk cocinmu babu kafaɗar da sandar nan ta sani kamar tata.

"A'a, bawana, ina za ka kai mini 'ya da sassafe?"

"Za ta nuna mini inda ake cin abinci da wasa," in ji Baba.

"To ni ma ina son wasa." Ta bar wa maƙwabciyarta shago, ta ja mayafi ta biyo mu. Ba wanda ya gayyace ta, ba kuma wanda ya isa ya kore ta.

Muka fara da masu ɗinkin hannu a wata rumfa bayan kasuwa. Wani dattijo ya shimfiɗa farar shadda a gwiwa yana cike aska takwas, irin adon nan na ƙirjin babbar riga, allura na shiga tana fita kamar ba ya kallo. Na nuna wa Baba siririn layin alƙalami da ke ƙarƙashin zaren. Na ce, "Baba, ka gani, sai da wani ya zana kafin a ɗinka."

Ya sunkuya ya duba da kyau, ya yaba wa dattijon, sannan ya juyo gare ni. "Na gani. Amma wannan ana sa shi a je biki. Tulun da kika ce kin zana, ana shan ruwa a ciki?"

Muka wuce mabuga, inda mutum biyu ke zaune fuska da fuska da gungumen ice a tsakaninsu, suna bugun riga da kulake, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, har shadda ta ɗauki ƙyalli. Goggo ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Bayin Allah, ba ku neman ma'aikaci? Ga bawana nan, yana da hannu. Kafaɗata shaida ce."

"Da kina kwana da wuri da ba ki san hannuna ba," Baba ya ce, bai ko kalle ta ba.

Daga nan muka hau keke zuwa Samaru. A bayan wani gidan haya na ɗalibai muka tarar da 'yan ajinmu suna rini, hannuwa duk sun yi shuɗi har gwiwar hannu. Wata ta kwance ƙulle-ƙullen da ta yi wa yadi, ta girgiza shi, sai ga furanni farare sun bayyana a cikin shuɗin. Na ga idon Baba ya ɗan buɗe, na ce a raina alhamdu lillahi, an fara. Ashe da saura. A bakin titi muka shiga shagon wani saurayi mai sayar da hotuna, Baba ya tsaya gaban wani da aka watsa wa ja da baƙi da rawaya. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Saurayin ya matso ya fara bayani, wai hayaniyar birni ce da kaɗaicin ɗan Adam. Baba ya bari ya gama tsaf, ya yi masa godiya, muka fito.

A bakin ƙofa ya tsayar da ni. "Ki ji nan. Zanen da sai an yi maka wa'azi kafin ka gane shi, ni ban ga amfaninsa ba. In kin nuna mini abin da na kalla na gane da kaina, ba wanda ya buɗe baki, ki ci gaba da karatunki. In babu, zance ya ƙare."

"Ni ce shaida," in ji Goggo.

Har wani sanyi na ji a zuciya. Wa zai kalli tulu ya ce bai san tulu ba?

Abin da ban sani ba shi ne, a makon nan malaminmu ya sa an share ɗakin zane don baje kolin ƙarshen zango. An ja kabad, an ga abin da ke baya, malam kuwa ya ce wannan ne za a rataye daidai ƙofa, don duk mai shigowa ya fara da shi. Da muka isa ɗakin, na tura ƙofa ina gaba, Baba na bayana, Goggo na bayansa. Ga Baba a bango, haɓa kan sanda, ya yi nisa.

Ɗaliban da ke ciki suka kalli bango, suka kalli Baba, suka sake kallon bango, sai kowa ya samo aikin yi a ƙasa. Goggo ta nemi kujera ta zauna a hankali, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Baba ya gyara murya. "Mutumin nan addu'a yake yi."

"Da baki buɗe?" Goggo ta ce daga cikin mayafi. "To wane ne mutumin?"

"Ban san shi ba."

Ta sauke mayafin, ta share hawaye, ta gyara zama irin na ciniki. "Madalla. Tunda ba ka gane shi ba, yarinya ta faɗi, sai ta koma koyarwa. Hoto kuma tunda ba na kowa ba ne, ni ina so. Gobe Lahadi, zan jingine shi a ƙofar coci, ko Allah zai sa wani ya gane ɗan'uwansa."

A nan ne tsoro na gaske ya kama ni. Na san Baba da taurin kai, zai iya cewa bai san mutumin ba har abada, ni in rasa karatuna, shi kuma ya sha kunya gobe. Duk abin da nake so a duniya ya rataya a kan kalma ɗaya daga bakinsa.

Ya ciro tabarau ya sa, ya matsa kusa da hoton. Ya daɗe a tsaye. Ba fuskar yake kallo ba, hannuwan yake kallo, da farcen babban yatsansa da murfin tebur ya taɓa fasawa tun yana koyarwa. Sannan idonsa ya sauka kan aljihun rigar, inda Mama ta yi masa ɗinki da jan zare ranar da fari ya ƙare mata.

"Har ɗinkin aljihun," ya ce a hankali. Ya cire tabarau ya ninke. "Ni ne."

"Ba wanda ya buɗe baki?" in ji Goggo.

"Ke kin buɗe, amma naki ba a lissafa shi." Ya juyo gare ni. "Tun yaushe kike gani?"

"Tun na shiga mawaƙa, Baba."

"Ke kaɗai?"

"Duk mawaƙa, Baba."

Ya rufe ido na ɗan lokaci, wannan karon kam ina jin addu'ar ce da gaske.

Bai yarda ya bar hoton ya kwana a bangon nan ba. Malam ya yi roƙo ya gaji, ya haƙura. Goggo ta ba da aron mayafinta aka lulluɓe shi, bisa sharaɗin sanda ba za ta kusanci kafaɗarta ba har Kirsimeti. Haka muka koma Dogarawa a keke, Baba ya rungume hoton kansa a ƙirji, Goggo na yi wa mai keke gargaɗi ya bi a hankali kada ya tashi mai barci.

Washegari ya ɗauki sanda kamar kullum. Da ya iso layin Goggo, ta langaɓe kai tana minshari na ƙarya da har mu mawaƙa muna ji. Ya tsaya a kanta, ya ɗaga sanda, ya ɗago ido ya kalle mu, mu ashirin da wani abu duk mun zuba masa ido. Ya sauke sandar ya wuce. Da ya gama zagaye bai koma bencin baya ba, ya zo na gaba ya zauna, ya sha wa'azin nan tun daga farko har amin da jajayen idanu.

Bai sake yi mini zancen koyarwa ba. Yau da zane nake ci nake sha, hoton kuma yana nan a ɗakinsa bayan ƙofa, in jikoki sun tambaya sai ya ce Kaka ne yana addu'a. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, tulu da mangwaron da na tanada don in burge shi ko kallonsu bai yi ba. Aikin da na yi da dukan zuciyata, wanda na ɓoye don tsoro, shi ya cece ni. Tun daga ranar ban sake juya wa wani aikina fuska ga bango ba.