Ruwan da Numfashi Ya Ƙare a Cikinsa

A Diggi na tashi, gidan masunta. Kakarmu Inna Haule ke bandar kifi, don haka bayan magariba mukan kewaye wutarta, hayaƙi na sa mu hawaye, ita ko a jikinta. Tana juya tarwaɗa tana ba mu tatsuniya. Akwai ɗaya da ba mu so, amma ita ta fi maimaitawa.

"Ku matso," takan ce. "Wanga labari ya girmi mutane."

Wai a can da, wani babban ruwa ne ya shimfiɗu, cike da kifaye da dodon koɗi masu murɗaɗɗen gida. Sai duniya ta ɗau zafi, ruwan ya yi ɗumi har numfashi ya ƙare a cikinsa. Halittun suka nutsa ƙasa neman sanyi, ashe can ya fi muni. Baƙar laka ta binne su.

Wata rana yayana Sanusi ya ce, "Inna, wa ya cece su?"

"Ba kowa."

"To laifin me suka yi?"

"Ba su yi komi ba, ɗan nan."

Da na shiga jami'a ina karanta ilimin duwatsu, malaminmu ya kawo mu kan wani zamani da ake kira Toarcian, a farkon zamanin Jurassic, miliyoyin shekaru da suka wuce. Ya ce duwatsu masu aman wuta sun ɗumama duniya, iskar shaƙa ta ragu a tekuna, halittu masu yawa suka ƙare. Nan take na tuna tatsuniyar Inna Haule. Da hutu na same ta a Gwandu, wajen goggonmu, idonta ya riga ya tafi. Na kwashe duka na gaya mata.

"Ni ban san wanga suna ba," in ji ta. "A tafkinmu na gani ina yarinya, shekarar da kifi ya taso ciki sama."

A daminar shekarar ta rasu.

Sai yanzu na gane ba tsorata mu take yi ba. Shirya mu take yi, mu san akwai asarar da ba ta tambayar laifin kowa.

Bara da bazara Sanusi ya kira ni. Tafkin ya ja baya, ya yi wari, kifi na yawo a mace. Ya sayar da kwalekwalensa a Kalgo.

"Kai da ka yi karatu," ya ce, "wancan ruwan na tatsuniyar Inna ya warke kuwa?"

Na ce ya warke, bayan dubban ɗaruruwan shekaru.

 Ya ce, "To, a gaida yara."