Karofin Taubashina

A shekarun da Nasara suka fara kafa alamun iyaka tsakaninmu da Ƙonni, mahaifina yana da karofi biyar a marinar Illela. Ni ne babban ɗansa, na kuma ɗauka marinar tawa ce tun ba a ba ni ba. Sai gwaggona ta aiko da ɗanta daga Kalmalo don ya koyi rini. Taubashina ne, sa'ana, kuma da ya zo ƙarnin kifi kawai yake yi.

Mahaifina ba ya koyar da rini sai ya koya maka kallon abubuwa idan sun gamu. Yakan ce wani gamon tafasa yake yi ba wuta, wani yakan sa abu ya kwanta a ƙasan ruwa, wani kuwa iska ce ke juya shi, kamar zanen da ke fitowa daga karofi kore ya koma shuɗi a hannunka. Shekara takwas ina jin wannan. Taubashina ya ji sau biyu ya riƙe.

Wata rana wani falke ya kawo farin dutse a buhu, ya ce kanwa ce. Mahaifina ya kira mu.

"Ku duba min. Mi ne na wanga?"

Na ɗaga, na juya, na ce kanwa ce mai kyau. Taubashina ya jiƙa tsamiya ya ɗiga ruwanta a kai. Shiru, ko kumfa babu. Ya gutsuri kaɗan ya jefa a ƙwaryar ruwan tabki mai laka. Muna tsaye lakar ta taru ta kwanta, ruwan ya yi garau.

"Kawu, alif ne," in ji shi. "Da kanwa ce da ta tafasa."

A ranar mahaifina ya ba shi karofi guda, nasa na kansa. Ni ko muciyar motsa shuni ba a taɓa cewa tawa ce ba. Ko dariyarsa na ji daga nesa sai in sauya hanya.

Ran Juma'a da aka watse zuwa masallaci, na tsaya baya na tuttula tulun ruwan tsamiya a karofinsa. Washegari kumfar saman ta mace, zane ya shiga ya fito fari-fari. Na zauna ina jiran mahaifina ya ƙwace karofin.

Taubashina ya durƙusa, ya sansana, ya taɓa ruwan da harshe. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Mahaifina ya tambaye shi abin da ya faru.

"Tsami ya shiga, Kawu. Ruwan toka yake so."

"Daga ina?"

"Ban gani ba."

Kwana huɗu yana zuba ruwan toka yana motsawa, ni kuma aka sa ni ɗebo masa tokar. A rana ta biyar kumfa ta taso, shuɗiya mai ƙyalli.

Taubashina bai taɓa tayar da maganar ba, ko cikin wasan taubasai. Wannan shirun ya fi ƙona ni. Bayan rasuwar mahaifina karofi huɗu suka dawo hannuna, amma masu kawo zane sukan gaishe ni su wuce su yi layi a bakin nasa.