Makullan Ruwan da Na Nuna

Shekara ashirin da wani abu na yi ina aikin famfo a filin jirgin Douala, a ƙarƙashin wani kamfani mai kwangilar gyare-gyare. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, Faransancina na kasuwa ne. Amma idan ruwa ya ɗauke a ɗakin jiran fasinja, ko bututun 'yan kwana-kwana ya fashe, ni ake nema. Takardun da Turawa suka bari tuni danshi da gara sun cinye su. Duk abin da ke binne a wannan fili, a kawunanmu yake.

Mu huɗu ne tsofaffin hannu. Ni ke da ruwa. Wani dattijo ɗan ƙabilar Bassa ke da wayoyin fitilun titin jirgi, sauran biyun magudanai da bututun mai. Da ƙafa muke awo. Daga turken shinge na uku bayan hasumiya, taku arba'in da ɗaya ka nufi gabas, ka sa adda ka share ciyawa, ga murfin ƙarfe, ga makullin ruwa a ƙasa. Kuma akwai ƙa'idar da ba wanda ya rubuta: ba ka nuna wa kowa duka naka. Ko shugaba ne ya tambaya, sai ka ce bari ka je ka duba. Da wannan muka tsallake kora har sau biyu a shekarun la crise, lokacin da ake zaftare albashi, ana sallamar mutane kamar ana kakkaɓe tabarma.

Sai aka kawo aikin taswira. Wai za a zuba filin gaba ɗaya cikin kwamfuta, kowane bututu, kowace waya, kowane murfi, ta yadda mutum yana zaune a ofis zai danna wuri ya ga me ke ƙarƙashinsa, yaushe aka sa shi, yaushe aka gyara. Injiniyan da aka ba aikin ɗan unguwarmu ne a New Bell. Na ci tuwon sunansa. Ya yi karatu a waje, ya dawo da gilashi da mata da gida a unguwar Bali ta masu hali.

Wata guda yana yawo cikin ciyawa da wata na'ura a kan sanda, bai samo komai ba sai maciji. Duk wanda ya tambaya sai ya ce masa bari ya duba.

Bai kira ni ofis ba. Da ofis ya kira ni, da na san amsar da zan ba shi. Ranar Juma'a bayan an sakko, sai ga shi a ƙofar gidana tare da mahaifinsa, da ƙullin goro. Tsohon ya zauna ya ce, “Ɗanka ne na kawo maka. Kar ka bari ya ji kunya a gaban mutanen nan.”

Shi kuma ya durƙusa har ƙasa. “Kawu, taswira ba ta ɗaure bututu. Sai ma an ƙara buƙatarku, don kullum sai an sabunta ta. C'est moi qui vous le dis, ni na faɗa muku, ba wanda zai taɓa ku.”

Na karɓi goron. Mutumin da ya karɓi goro a gaban tsoho ba ya komawa ya ce bari ya duba.

Ban tsaya kan nawa ba, nan ne wautar. Na je na lallashi sauran. Dattijon nan na Bassa yana cin bobolo, curin rogon nan nasu, a gindin mangwaro, ya dube ni, ya kira ni da sunan da suke kiran Hausawa, ya ce, “Magida, goro ne ya bugar da kai? Wanda ya san hanya ba ya hayar ɗan jagora.”

Na ce yaron namu ne, na tsaya masa.

“Naku ne, ba nawa ba,” in ji shi. Amma bayan kwana uku ya tashi ya ɗauki addarsa. Saboda ni.

Wata bakwai muka yi, har da damina, kuma wanda ya san ruwan Douala ya san me nake nufi. Ina gaba ina ƙirga taku, injiniyan da yaransa suna baya da sanda. In na tsaya, su dasa, na'urar ta yi ƙara, su rubuta. Akwai wani makulli can bayan rumbun kaya da ni kaɗai na san da shi a duniya, wanda ya nuna mini ya rasu. Na wuce shi da taku goma, zuciyata na cewa bar wannan. Sai na tuna mahaifin yaron zaune a kan tabarmata. Na dawo na nuna.

Ranar da aka gama injiniyan ya kira ni na ga abin. Gaskiya ya yi kyau. Ruwana shuɗi, wayoyin dattijo ja. Ya danna ɗigo guda, sai ga girman bututun da zurfinsa, daidai yadda na faɗa. A layin da ake rubuta inda aka samo bayani an sa “relevé de terrain”, wato wai a fili aka tsinta.

Bayan wata biyu takardar compression, wato rage ma'aikata, ta fito. Sunaye huɗun farko namu ne. Na je ofishinsa, ya tashi tsaye, ya ba ni kujera, ya ce daga sama ne, shi ma da safe ya gani. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Ni dai ban ji ya ce wa na saman komai ba. A bakin ƙofa dattijon ya wuce ni bai ko tofa yawu ba. Har ya koma ƙauyensu bai sake yi mini magana ba.

Shekara guda ina jiran taswirar ta ba su kunya. Duk ruwan da aka tafka sai in ce yau za su aiko. Ba su aiko ba. Ai ban yi musu ƙarya ko ta taku ɗaya ba.

Yanzu famfon gidaje nake gyarawa, daga New Bell har Ndogpassi, jakata a kan cinya a bayan bensikin, acaɓarmu ta nan. Bara, wata Asabar, motar injiniyan ta tsaya a bakin lungunmu. Ba zan ɓoye ba, har na fara laluben tsohuwar hulata ta aiki.

“Kawu, ruwa ne ke tsatsowa a tsakar gidana. Mutum uku sun duba, sun rasa inda ake rufewa.”

Na je. Na tura shi ya sayo roba, na bi bango da ƙafa, na samu makullin a ƙarƙashin wata tukunyar fulawa. Na rufe, na gyara, na buɗe, na mayar da tukunyar yadda take.

Da ya dawo ya ce, “Kai, Kawu! A ina yake?”

Na ce, “In ya sake, ka aiko.”