Zara Ba Ta Cin Tarwaɗa

Duk macen da ta zauna a Fagge a shekarun hamsin ta san Zara mai kitso, matar Dabo tela. Hannunta da zafi, bakinta ya fi hannun, amma in ta yi miki shuku sai kin gaji da shi don kanki. Bayan kitso, abu biyu aka san ta da su: ba ta da dangi, kuma ba ta cin tarwaɗa.

Maganar dangin ba ɓoyayya ba ce. Uwarta 'yar ƙabilar Ibo ce, mai sayar da manja a Sabon Gari, mijinta ma'aikacin reluwe. Sanƙarau ya ɗauke mijin, ya dawo ya kwantar da ita, maƙwabta suka gudu. Gwaggo Ummakulsum mai alala, wadda kullum take sayen manja a wurinta, ita ta ɗauko ta zuwa Fagge ta yi jinyarta. Da matar ta ga ba tashi za ta yi ba, sai ta tura wa Gwaggo yarinyar da ko yaye ba a yi mata ba, ta ce da 'yar Hausarta ta kasuwa, "Kada ta ci tarwaɗa." Gwaggo ta ɗauka wata cuta ce kifin yake tayar wa yarinyar, ta riƙe maganar kamar farilla. Ta sa mata suna Zara, ta yi mata tarbiyyar Musulunci, ta aurar da ita. An sha jin muryarta a tsakar gidajen mutane tana faɗa saboda an miƙa wa 'yarta romon kifi.

Zara ba ta taɓa jin maraici ba sai a 1952. A shekarar Gwaggo ta rasu, a shekarar kuma Allah ya ba ta cikin da ta daɗe tana roƙo. Ana cikin haka malamin ƙidaya ya tsaya a zaure yana tambayar ƙabilar matar gida. Dabo ya ce Bahaushiya, aka wuce wurin. Tambayar da ba ta wuce ba ita ce ta wata maƙwabciya, kanta yana kan cinyar Zara ana kitso: "To ke gidan wa za ki je wankan jego?" Mai haihuwar fari gidan iyayenta take komawa, a dafa mata ruwa safe da yamma, a dama mata kunun kanwa. Zara ta ƙarasa kitson, ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Dabo mutum ne mai sanyin hali. Da ta ce za ta nemi dangin uwarta, sai kawai ya rufe keken ɗinkinsa ya raka ta cocin da Gwaggo ta taɓa cewa an kai ta tana jaririya. Wani dattijo mai suna Ambrose, mai kula da littattafan baftisma, ya yi ta buɗe shafuka har ya samo sunanta na baftisma da na uwarta: Bridget, 'yar Adaeze. Zara ta matso kusa da littafin. Amma a gurbin garin iyaye, mai rubutun ya sauƙaƙa wa kansa aiki ya rubuta Sabon Gari.

"Malam, shi ke nan?" in ji ta.

"Uwargida, masu suna Adaeze a ƙasarmu sun fi masu suna Zara a Kano yawa," in ji Ambrose. "Amma mutanen kowane gari suna taruwa ran Lahadi a gidan babbansu. Ki bi su, ki tambaya."

Haka ta yi ta bi da tsohon cikinta, Lahadi bayan Lahadi. A ba ta kujera, ta faɗi sunan uwarta, a dubi juna, a girgiza kai, a yi ta magana da harshen da ba ta jin ko kalma ɗaya. Matan Fagge suka sa mata suna 'yar ƙidaya. Ta rama musu da baki, amma ƙafafunta sun kumbura kuma ranta ya soma karaya.

Wata Lahadi da la'asar, a wani gida bayan kasuwa, taro ya watse ba labari. Matar gidan ta ji tausayinta ta kawo mata sakwara da miya, ta ce ta saki jiki, ba nama a ciki, kifi ne. Zara ta ga gashin bakin tarwaɗa a kwanon, ta ture shi a hankali.

"Musulmi ba sa cin kifi?" in ji matar.

"Suna ci mana. Ni ce ba na cin tarwaɗa, cuta take sa ni."

Wata dattijuwa da ta shigo ɗaukar tukunyarta, Philomena mai sayar da garin rogo, ta tsaya cak a bakin ƙofa. "Wace cuta?"

"Ban sani ba, ban taɓa ci ba. Uwata ce ta bar wasiyya."

Philomena ta ajiye tukunyar. Ta ce a ƙauyensu akwai rafin da kakanni suka haramta cin tarwaɗarsa, kuma duk inda 'yar ƙauyen ta je a duniya ba ta kai tarwaɗa baki. Ta tambayi sunan uwar, ta tambayi sana'arta. Da ta ji Adaeze mai manja, matar ɗan reluwe, sai ta zube a ƙasa ta kama ƙafafun Zara. Ashe Adaeze yayar Philomena ce. Tun da aure ya kawo ta Kano ta nemi gidan, aka ce mata sanƙarau bai bar kowa ba, har jaririyar.

Zara ta yi kuka, amma rabin kukan na Gwaggo ne, wadda ta yi shekaru tana faɗa da maƙwabta a kan cutar da babu ita.

Ranar da ta haihu, Philomena ta iso Fagge da tabarmarta da ƙullin yaji, ta ce su ma a wurinsu dangin uwa ne ke yi wa mai jego wanka. Ta yi ta musu da matan unguwa a kan waɗanda suka fi iya gasa mai jego, daga baya aka raba aiki: su da ganyen runhu da kunun kanwa, ita da tawul da farfesu. Zara ta ce ba a taɓa dafa mace sau biyu a rana ɗaya kamar ita ba.

Ranar suna aka raɗa wa jaririyar Ummakulsum. Da wata tsohuwa ta tambaya, kamar yadda aka saba, ina dangin mai jego, Zara ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce, "Ga su nan, sun cika tsakar gida." Philomena ta karɓi yarinyar, ta daɗe tana dubanta, sannan ta sa aka kira Dabo bakin ƙofa ta ce masa, "Wannan ma, kada ta ci tarwaɗa."