Kurmin da Mai Fenti Ya Nema

Shekara talatin da ɗaya Mai Fenti ya yi a shagonsa na ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai wanki da guga. Allunan shaguna yake rubutawa, da lambobin gidaje, da bayan manyan motoci. Burushinsa goma sha huɗu ne, a jere cikin gwangwani daga babba zuwa ƙarami, kuma bai taɓa tashi aiki ya bar ɗaya ba wanki ba.

Wata Talata mai maɗaba'ar ƙarshen layi ya shigo da ɗaurin takardu. Labari ne da wata malamar makaranta ta rubuta, na matafiya uku da jirginsu ya faɗa wani kurmi inda dainaso, manyan ƙadangarun nan na farkon duniya, ba su ƙare ba. Hoton bangon littafin yake so kafin ƙarshen wata.

Dabbar ba ta ba Mai Fenti wuya ba. Kwana uku ya yi yana kallon wani jan gwada a jikin katanga, sannan ya kumbura shi, ya ƙara masa haƙora. Kurmin kuwa a yini ɗaya ya zana shi.

Mai maɗaba'a na ganin allon ya riƙe ciki don dariya.

"Dodo kam ya yi, har tsikar jikina ta tashi. Amma Malam, wa ya shuka masa itatuwan nan? Dubi, taku biyar-biyar, duk tsawo ɗaya. Dodon, bawan Allah, kamar yana jiran motar haya a bakin titi!"

Mai Fenti ya taya shi dariya. Da mutumin ya fita sai ya ɗauko ma'auni ya gwada. Tazarar daidai take, ba ragi ba ƙari. Itatuwan tsakiyar titi kaɗai idonsa ya sani tun shigowarsa birni, su ne kuma hannunsa ya haddace.

Alhali ya san kurmi. Akwai ɗaya a bayan gidan mahaifinsu, bakin rafi, inda shi da yayarsa suke shiga da tsakar rana su tarar da duhu kamar magariba. Ranar Asabar ya hau mota, tafiyar awa uku. Ya sami wurin an daɓe shi da siminti, tireloli sun yi sahu, rafin an tura shi cikin kwalbati.

"Wane kurmi, Baba?" in ji mai gadin wurin. "Ni dai haka na zo na same shi."

Ya tsaya tsakanin motocin ya rufe ido. Ƙamshin jiƙaƙƙen ganye ya dawo masa, siffar ko itace ɗaya ba ta dawo ba. Ƙamshi kuwa ba ya hawa burushi.

Daga can gidan ɗan yayarsa ya wuce, hawa na uku, inda ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Ya jingina sabon allo a kujera, dodon kaɗai ne a kansa.

"Auta, da furfurarka kake zanen dodanni?"

"Yaya, ɓauren nan na bakin rafi, dama yake ko hagu?"

Ta ɗaga sandarta ta nuna.

"Hagu mana, ya sunkuya kan ruwa. Inda ka faɗo ka ce biri ne ya ture ka."

"Biri ne kuwa."

"Birin da ba wanda ya gani sai kai."

Kwana huɗu yana zane, tana ba da umarni da sandarta. Ga marken da ya faɗi ya zama gada. Ga kanya, ita ta ce uku ne, shi ya ce biyu, aka zana uku.

"Ka cika haske. Rana ba ta taɓa ƙasa a wurin. Kuma daina gyara ƙasan nan, wa ke shara a daji?"

Mai maɗaba'a ya daɗe yana kallon allon, ya ce madalla. Sannan ya ce dodo mutane ke so, a ƙara shi ya cika bangon, itatuwa su ɗan leƙo ta gefe. Yin haka na nufin shafe ɓauren da rafin.

Mai Fenti ya tsoma burushi, ya ɗaga hannu, ya tsaya. Can ya mayar da shi cikin kananzir. Wani allon daban ya zana, ƙaton dodo da ganye huɗu a kusurwa, da shi littafin ya fito.

Na kurmin yana rataye a ɗakin Yaya, yana fuskantar gadonta. A kusurwar dama akwai fili kamar tafin hannu da ba a shafa masa komai ba. Dukansu sun yarda wani itace ya tsaya a nan, mai zubar da fararen furanni cikin ruwa, amma sunansa da siffar ganyensa sun ɓace musu.

Kowace Asabar yakan hau benen da ƙaramin burushi a aljihu.

"Yaya, ya faɗo miki?"

"Bai zo ba tukuna, Auta. Zauna."