Hayaƙin Awarata

Ga shi can bakin tafkin ƙauyenmu Hongcun, cikin baƙi masu koyon zane. Tsoho ne mai malfa, ina jin 'ya'yansa suka biya masa tafiyar don su huta. Sai ya kanne ido, ya miƙo buroshi saitina, ya tsoma a fenti.

Ni fa yake zanawa! Na shanye tumbi, na karkace wuya. Awarar da nake sayarwa tana ƙonewa a kasko, na ƙi motsi.

Da na gaji na je na leƙa.

"Kaka, ina nake?"

"Ayya 'yan mata, malami bai kai mu kan mutane ba tukuna." Ya nuna wani baƙin shafe a takardarsa. "Amma hayaƙinki ya fito da kyau. Ƙara wuta mana!"